Carbin da Ya Kira Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bayan ƙaramar Sallah ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, matan unguwar Xiaobei ba za su bar ni ba. Har yau in na yi sallama gidan suna ko walima, sai wata ta ɗaga kai ta dubi silin ta ce, "Ku sunkuya, mai jirgi ta iso." Ni dai sai in yi murmushi in nemi gefen tabarma in zauna. Wanda ya yi rawa a tsakiyar kasuwa ai ba shi da bakin hana a kwaikwaye shi.

Bari in ɗauko zancen daga tushe. Mu mutanen Kano ne, aure ne ya kawo ni Guangzhou ta ƙasar Sin. Maigidana, Abban Hanifa, yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, inda yake haɗa wa 'yan kasuwa kayansu ya tura musu gida. Ni kuwa duniyata ba ta wuce kicin, da makarantar Hanifa, da Islamiyyarmu ta mata da muke yi gida-gida ba. Sinancina na cefane ne: ni hao (sannu), she-she (na gode), lawban (mai shago), sai kuma me yo, wato babu (ita ce kalmar da na fi ji duk ranar da na fita neman kuɓewa).

Ina da ƙane a garin nan, Nura, autanmu, yana digiri na biyu a fannin injiniya. Tun yana ɗan mitsitsinsa a Fagge ba shi da zance sai na jirgin sama. Shi ne ya taɓa kwance fankar Mama a tsakiyar zafin bazara don yana neman farfela. Da ya zo nan sai Allah ya haɗa shi da irinsa, wata ƙungiya ta 'yan sa-kai masu neman mutanen da suka ɓata a duwatsun bayan gari. Mutanen ƙasar nan akwai son hawan dutse, har tsofaffinsu, kuma dutse ba ya rasa wanda zai zame ko ya saki hanya. 'Yan ƙungiyar sukan tashi ƙananan jiragen nan marasa matuƙi, masu kyamara a ciki, su leƙa daga sama. Ba wanda yake biyansu. Kowa da sana'arsa, in kira ya zo ya ajiye ya fito.

Nura ne kaɗai baƙar fata a cikinsu, kuma ba a gama karɓarsa ba tukuna. Wata da watanni yana ɗaukar musu batir, yana naɗe igiya, yana goge farfela, ba a taɓa miƙa masa linzamin jirgi a aiki na gaske ba. A ƙarshen watan ne za a zauna a kansa: ko a ba shi rigar ƙungiya, ruwan goro, da sunansa a ƙirji, ko a ce masa she-she, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ko barci yake ka ce "riga", sai ya buɗe ido.

Duk Juma'a da yamma a gidanmu yake cin tuwo, kuma tukwicin da yake ba mu shi ne lacca.

"Yaya, kin san aikin nan ya canja gaba ɗaya," ya ce wata rana, yana laluben nama a cikin miya. "Da, in mutum ya ɓata, sai a yi kwana da kwanaki ana tsefe dutse kamar mai neman kwarkwata. Yanzu akwai wata na'ura da mai hawa yake riƙewa. In ya shiga uku ya danna, sai ta aika wa tauraron ɗan'adam, sai ɗigo ja ya fito mana a taswira, daidai inda yake."

"Ma sha Allah. Sai a huta ke nan."

"Ina hutu? Yawancin kiran yanzu na banza ne. Wani zama ya yi a kanta, wani ɗansa ne ya ɗauka yana wasa. Mutane su rufe shagunansu su kwaso gudu, su je su tarar da ƙato a inuwa yana cin taliya."

"Wasu mutane dai ba su da tsoron Allah," na ce, ina ƙara wa Abban Hanifa miya. "Irin waɗannan ai kamata ya yi a ci su tara, a kuma sa hotonsu a jarida."

(Ku riƙe min wannan maganar, za mu dawo kanta.)

A raina na riga na zana na'urar: wani ƙaton abu baƙi mai eriya, irin oba-obar 'yan sanda. Ban tambaya ba, shi ma bai nuna min ba.

Ana cikin haka carbina na dannawa, ɗan ƙaramin nan da ake zurawa a yatsa kamar zobe, ya faɗa tukunyar miyar kuka ina tsaka da kaɗawa. Na tsamo shi, na wanke, na binne shi cikin shinkafa kamar yadda ake yi wa waya, amma bai sake ƙirga ko Subhanallahi ɗaya ba. Na ce da Nura ya samo min wani mai ƙwari, babba, wanda ba zai sulɓe daga hannu ba. Ya ce, "An gama, Yaya. Wanda zan kawo miki sai matan Islamiyya sun yi ƙyashi."

Jajiberin ranar da abin zai faru ya zo a gurguje, ya ci tuwo a tsaye, ya ce gobe yana da jarrabawa ta wuni guda, irin wadda ake kulle wayoyi a loka. Ya tafi. Da safe na idar da salla, na miƙa hannu kantar da nake ajiye Alƙur'ani, sai ga wani abu ruwan goro, daidai tafin hannu, a jone da soket ɗin wajen. Mai kyau, mai nauyi, da 'yar igiyar ratayawa a wuyan hannu, da ɗan gilashi, da madanni guda a ƙarƙashin murfi.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce Allah sarki autan Mama, ga jarrabawa a gabansa amma bai manta da ni ba, har ya sa min a caji ya sulale don kada in yi masa godiya. Na yi masa addu'a mai tsawo. Murfin ma ya burge ni: dubi hikima, an rufe madannin don kada ƙirga ta rikice a cikin jaka. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta tuna min cewa soket ɗin nan shi kaɗai ne mai aiki a falon ba, kuma kowa a nan yake cajin komai. Ban samu na gwada shi ba, don tanda tana jirana, na jefa shi a jaka.

Ranar ce muka shirya fita shan iska, mu matan Islamiyya, don taya Hajiya Ramatu murnar sauke Alƙur'ani. Hajiya Ramatu 'yar Zangon Kumasi ce, babbar 'yar kasuwa, ta fi mu duka daɗewa a garin nan. Babu lungun kasuwar Canaan ko ta Shahe da ba ta san mai shagonsa ba, kuma tana jin Sinanci irin na ciniki, mai kama da faɗa. Hausarta ta Zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Muka ɗauki hayar bas, muka loda kuloli, muka nufi duwatsun arewa da gari. Direba ya sauke mu a wani fili mai ciyawa a kafaɗar dutse. Sama a buɗe tar, gefe guda kuma kwazazzabo ne mai zurfi cike da gora.

Da muka yi azahar kowacce ta ciro carbinta, ni ma na ciro nawa a hankali, yadda za a gani ba tare da an ce na nuna ba. (Malamarmu ta sha yi mana wa'azi a kan riya. Ranar na gane ba kowace riya ce take jiran lahira ba.) Na buɗe murfi, na ɗora babban yatsa, na ja salati mai tsawo, ban ɗaga ba sai da na kai ƙarshe. Abin ya yi ɗan kuka, ya girgiza a hannuna, fitila ta fara ƙiftawa, sai ga lambobi sun jeru a gilashin, layi biyu, dogaye.

"Ka kawo in gani," in ji Hajiya Ramatu. Ta juya shi, ta auna nauyinsa a tafi, ta ƙwanƙwasa da farce. "Wannan kaya ne paa. Amma salati ɗaya ka yi, yaya ya rubuta lamba da yawa haka?"

Ni da ba na so a ga gazawata, na ce, "Ai na zamani ne, Hajiya. Ina jin har ladan yake lissafawa."

Aka yi ta ma sha Allah. Hajiya ta ce lallai in tambayo mata Nura inda ake ƙera shi, kafin azumi mai zuwa za ta cika kontena, Kumasi da Tamale duk sai sun ɗauka.

Na mayar da hannuna cikin hijabi na ci gaba da lazimina. Hijabin nawa irin na Kano ne, har ƙasa, in hannu ya shiga ciki sai Allah. Lokaci-lokaci abin yakan girgiza, in ce to, talatin da uku ta cika, in koma Alhamdulillahi. (Ashe saƙo ake turowa ana tambaya: ka ji rauni? Kana iya motsi? Ni kuwa ina amsa musu da ƙarin dannawa.)

Muka ci masa, muka ci wake da shinkafar Hajiya da yajinta mai sa kunne ƙaiƙayi, ana hira hannuna yana aikinsa. Rana ta ɗan karkata sai muka ji zuuu a sama. Wani ɗan jirgi ne ya tsaya cak a kanmu kamar shirwa ta ga 'yan tsaki. Muka ɗauka masu hoton biki ne suka yi ɓatan kai. Kowacce ta gyara mayafi, wasu har da ɗaga masa hannu. Sai ya yi magana da lasifika, Sinanci zalla, muka yi dariya muka ce masa ni hao.

Ba a jima ba mota ta tsaya, mutane masu riga ruwan goro suka diro da igiyoyi da gadon ɗaukar majinyaci. A gabansu wata gajeriyar mata mai furfura a goshi, riƙe da wata faffaɗar waya kamar tire. Tun kafin a faɗa na gane ta daga labaran Nura: Madam Lin ce, shugabarsu, mai shagon zif a Shahe, wadda yake tsoro fiye da yadda ya ji tsoron Baba.

Hajiya ta tare ta, suka yi 'yar hayaniyarsu, ta juyo.

"Matar nan ya ce wani yaronsu ya ɓata a nan wurin. Na'urarsa yana kuka tun azahar. Sun kira wayarsa, a kashe."

Tausayi ya kama ni, na ce Allah sarki, ɗan wa ne? Madam Lin ta juyo mana da tiren. Hoton Nura ne, yana murmushin nan nasa na gefen baki.

Ban san lokacin da kular da ke cinyata ta kife ba. Na kira lambarsa, a kashe. Na ce ai jarrabawa yake, Hajiya ta faɗa musu, Madam Lin ta girgiza kai ta nuna ɗigo ja: na'urar da ƙungiya ta damƙa wa Nura tana nan, a filin nan ko dab da shi. Nan take na haɗa labarin da kaina. Ba wata jarrabawa, dutse ya hawo shi kaɗai don ya burge su su ba shi riga, ga shi ya faɗa rami. Me zan ce da Mama, ita da ta kira ni ranar da zai taho ta ce, "Ga amana nan"?

Tunda filin ba kowa sai mu da kulolinmu, duk aka juya ana duban kwazazzabon. Na kwasa da gudu zuwa bakinsa ina kiran sunansa. Sai mai riƙe da linzamin jirgi ya yi magana da sauri, duk suka ruga kan tire.

"Ɗigon ya motsa," in ji Hajiya. "Ya matso bakin rami. Sun ce yana da rai."

Na faɗi na yi sujada a kan ciyawa. Na miƙe na ce da mata, "Don Allah kowa ta kama Ya Hayyu Ya Ƙayyumu." Muka kama, ni ce a gaba, kuma ban taɓa danna carbi da ƙarfi irin na ranar ba. Duk dannawa sai tiren Madam Lin ya yi ƙara, ita kuma ta ƙara ɗaure fuska.

"Sun ce yana ta danna abin, bai huta ba. Ciwo ya yi masa yawa," in ji Hajiya.

Na ƙara kuka, na ƙara dannawa.

Aka ɗaura igiya a bishiya. Wani dattijo mai gilashi, wanda daga baya na ji likitan haƙori ne ya rufe asibitinsa ya taho, ya kifa hular kwano ya zura cikin gorar nan, jirgi yana bisa kansa yana leƙe. Shi ma ya ba ni tausayi, na sa shi a addu'ar. Ya daɗe a ciki, ya fito duk an yakushe shi, wandonsa ya yage a gwiwa, ya buɗe hannuwa ya ce, "Me yo."

Ban taɓa tsanar kalmar nan irin ranar ba. Na ce ba su iya nema ba ne. Na bi 'yar hanyar da ta zaga bakin kwazazzabon ina cewa, "Nura, in kana ji na ko tari ne ka yi." Mai linzami ya sake magana: ɗigo yana bin hanya. Jirgi ya biyo ni. Masu riga suka biyo jirgi da gadonsu. Matan Islamiyya suka biyo masu riga da Ya Hayyu. Na tsaya in share hawaye, ɗigo ya tsaya, kowa ya tsaya. Na juyo in tambayi Hajiya me ake ciki, aka ce ai ya juyo, da alama kansa ya bugu, ya ruɗe.

Madam Lin ce kaɗai ba ta biyo mu ba. Tana tsaye inda muka bar ta, idonta daga tire zuwa kaina, daga kaina zuwa tire. Can ta yafito Hajiya.

"Ya ce ka je wajen wancan bishiya ka tsaya."

Na san wannan. Ko a gida in za a fito da gawa, janye 'yan'uwa mata ake yi gefe. Na tafi ina jan ƙafa, ina Inna lillahi, ina dannawa.

"Ya ce ka dawo."

Na dawo.

"Ya ce ka sake zuwa."

A zuwa na biyun ne na lura wurin ya yi tsit, ko Ya Hayyun an daina. Duk masu rigar sun taru a bayan Madam Lin, kawunansu suna kai-komo tsakanina da tire kamar masu kallon ƙwallon tebur. Ta tako har gabana, ta ɗan rusuna, cikin ladabi ta nuna hijabina, daidai inda hannuna yake motsi a ƙarƙashi.

Na fito da hannun. Ruwan goro a tafina, ruwan goro a jikinsu. Har tambarin da ke bayan abin irin na ƙirjinta ne, sai a lokacin idona ya gan shi.

"Carbi ne," na ce da Hausa, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. "Ƙanena ne ya saya min."

Hajiya ba ta fassara ba. Cewa kawai ta yi, a hankali, "To. Kontena ya fasa."

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Nura ne. Garin amsawa na taɓo abin da ya sa muryarsa ta fito fili, kowa yana ji.

"Yaya, yanzu na fito, jarrabawa ta yi kyau. Don Allah na manta wani ɗan abu ruwan goro a soket ɗinki jiya. Kada ki bari Hanifa ta taɓa shi, kin san halin yara."

Na dubi kwazazzabon nan, na ga ashe bai kai zurfin da nake buƙata ba.

Madam Lin ta karɓi abin ta kashe shi, ta karɓi wayata ta yi 'yar gajeriyar magana. Ban ji me ta ce ba. Ni kuma da na rasa abin yi sai na kama zuba musu sauran masa. Likitan haƙori ya ci, yana duban gwiwarsa yana dubana. Da muka koma gida, kafin in cire takalmi labari ya riga ni isa Tianxiu. Abban Hanifa ya tarbe ni a ƙofa ya ce, "Sannu da dawowa. Maganar tara da hoto a jarida, ni zan kira ɗan jaridar ko ke za ki kira?"

Dariyar ta tsaya ne da aka ji hukunci. A dokar ƙungiya, na'ura ba ta kwana inda mai ita ba ya nan. An karɓe ta, an dakatar da Nura, maganar riga kuma an jingine ta. Juma'a ta zagayo, na tuƙa tuwo, na zuba nama fiye da kullum, bai zo ba. Na kira shi ya ce, "Ba komai, Yaya, ni na bari, laifina ne." Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi.

Na ɗora tanda na soya masa mai kyau, na yi miyar taushe, na roƙi Hajiya Ramatu ta raka ni Shahe. Muka sami Madam Lin a ɗan shagonta, zif ko'ina kamar labule. Na ce, "Hajiya, ki ce mata ni ce mai laifi. In tara ce a ci ni, in hoto ne a sa nawa. Yaron nan tun bai iya ɗaura wando ba yake son abin nan. Kada a hana shi riga saboda wautar yayarsa."

Hajiya ta fassara, amma da muryar ciniki, har da buga tebur, sai da na taɓa ta na ce ba ragi muka zo nema ba.

Madam Lin ta gutsiri masa, ta tauna a hankali, sannan ta yi magana mai tsawo, Hajiya tana tsinto min. Ta ce kafin na'urar nan ta zo sun taɓa shafe kwanaki suna neman wani tsoho, daga ƙarshe suka same shi jifa ɗaya daga hanyar da suka bi tun ranar farko, amma lokaci ya riga ya wuce. Don haka duk ranar da suka dawo da gado ba kowa a kai, ita a wajenta ranar farin ciki ce, ko da kiran na banza ne. Abin da ya dame ta daban ne. Tun da ɗigo ya zo, mutanenta suka daina kallo. Tsofaffin da suka iya karanta sawu da karyayyar ciyawa sun ja baya, sun ce an daina buƙatarsu, matasan kuma idonsu a kan gilashi. Ga jirgi a sama, ga mutane a ƙasa, ɗigo yana tafiya, mace tana tafiya a gabansu, an rasa mai haɗa biyun, ita kanta sai da likita ya yaga wandonsa. Ta ce in suna atisaye mutum-mutumi suke ɓoyewa, shi kuwa inda aka ajiye shi nan yake zama. Mutum na gaske ba haka yake ba: yana kuka, yana yawo, ba ya jin yarenka, in ka ce ya tsaya sai ya ruga.

Ta tsaya ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da Hajiya take yi wa dila.

"Ya ce irinka yake nema," in ji Hajiya, tana danne dariya. "Ya ce tunda yake bai ga wanda ya iya ɓata kamar kai ba."

Sharaɗin shi ne in riƙa zuwa atisayensu ina zama ɓatacciya. Nura kuma za a ba shi linzami sau ɗaya, ya nemo ni da jirgi da idonsa, ba na'ura ba ɗigo. In ya same ni kafin rana ta faɗi, riga tasa ce. Abban Hanifa ya amince, ya ce tunda ga ƙanena a wurin ga Hajiya, kuma dai gara in ɓata da izini.

Ranar gwajin na so in taimaka masa da jan hijabi, Madam Lin ta duba ta miƙo min wani kore, kalar ganye. Aka kai ni can cikin gora aka bar ni, Hajiya tana nesa kaɗan tana gyangyaɗi. Na yi niyyar ba zan yi ha'inci ba, na lafe. Ina jin jirgin yana wucewa ta wani ɓangare, ya dawo, ya sake wucewa, zuciyata kamar ta fito ta ɗaga masa hannu. Har la'asar ta yi bai gan ni ba. To salla dai ba ta jiran atisaye. Na gangara wata 'yar ƙorama na yi alwala, na sami wani shimfiɗaɗɗen dutse mai tsabta, na fuskanci yamma (a nan can alƙibla take), na tayar.

Ina raka'a ta biyu na ji zuuu a bayana. Bai matso ba, bai yi magana ba, ya tsaya cak yana jira. Sai da na yi sallama lasifikar ta buɗe, da Hausar Fagge tsantsa a tsakiyar dutsen Sin.

"Yaya, Allah ya karɓa. Ki zauna inda kike. Don girman Allah kada ki danna komai."

Daga baya Madam Lin ta tambaye shi yadda aka yi ya bar duk dajin ya bi ƙorama. Ya ce ya duba rana ne ya ga la'asar ta yi, kuma ya san yayarsa ko zaki ne yake bin ta sai ta nemi ruwa da wuri mai tsabta. Ta sa ya maimaita wa sauran maganar, sannan ta ciro rigar daga mota. Ashe tun safe tana ciki, da sunansa a ƙirji.

Juma'ar da ta biyo ya zo cin tuwo sanye da ita, ga zafi ga gumi, ya ƙi cirewa. Ya ciro wani ɗan kore a aljihu ya ajiye a gabana: carbin da ya saya min ne na gaskiya, tun wancan makon yana jakarsa, ya manta bai ba ni ba. Na yi godiya, na juya shi gaba da baya, na tambaye shi sau biyu ko ya tabbata ba ya magana da kowa.

Yana nan rataye a ƙusa, ban taɓa danna shi ba. Na dai koyi cewa ba duk abin da ka tsinta kusa da dardumarka ne kayan ibada ba, kuma kafin ka yanke wa marasa tsoron Allah tara, ka fara leƙa abin da ke cikin hijabinka. Yanzu da gaɓoɓin yatsuna nake ƙirga lazimi, irin na kakanni. Su in na danna, wuri ɗaya saƙon yake zuwa, kuma can ba a taɓa cewa na kira a banza ba.